Ƙwarewar da ke Hana Ƙwarewa

Ranar da aka kwantar da Gwaggo, a kan kofin ruwa muka fara samun saɓani da Sista. Yaya, babbar 'yar Gwaggo, ta tsiyayo zamzam a ɗan kofin silba, ta tallafo kan mahaifiyarta za ta kai mata baki, sai ga Sista a kanta kamar an jefo ta. Ta dafe kofin, ta ce a hankali, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ko ɗigo kada ya shiga bakin Mama sai na gwada haɗiyarta." Yaya ta ce ai zamzam ne. Sista ta ce, "Na sani. Jiƙa auduga ki shafa mata a leɓe da goshi, albarkar za ta same ta. Amma ban da sha."

Ranmu bai so ba. Bazara ce, leɓen tsohuwa ya bushe har ya tsage, kuma a tarbiyyarmu babu rashin imanin da ya kai hana majinyaci ruwa. Na fita baranda ina ƙunƙuni, ina tuno duk labaran da ake bayarwa na tsawar ma'aikatan asibiti. Wasu daga cikin labaran gaskiya ne, ni ma na taɓa shan nawa rabon. Amma wannan matar da kowa ke kira Sista, mai furfura kaɗan a gefen hula da agogo maƙale a ƙirji, ba tsawa take yi ba. Aiki take yi, kuma sai da na yi makonni ina kallonta kafin na gane girman aikin.

Bayan la'asar abin ya faru, kwana ɗaya kafin a kwantar da ita. Gwaggo na zaune tana tsince shinkafa tana yi wa jikoki faɗa, sai magana ta tsaya cak, faranti ya suɓuce, ta kife ta gefen dama. Babu ciwon kai, babu jiri, babu wata alama da ta riga shi. Maƙwabta suka ce iska ce, wasu suka ce jifa. Ban ga laifinsu sosai ba, don ciwon da ke sauka cikin ƙiftawar ido dole ya yi kama da abin da aka jefo. Kuma jifan ne, sai dai daga cikin ƙirjinta aka yi shi.

Shanyewar ɓarin jiki ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda jijiya ke fashewa jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa, akwai wadda jijiya ke tsukewa sannu a hankali har ta toshe a inda take. A ƙasar nan hawan jini ne uban tafiya, kamar yadda babban binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana ya nuna a 2018. Ta Gwaggo daban ce. Jini ne ya daskare a wani wuri ya zama guda, gudan ya ɓalle, jini ya ɗauke shi yadda ruwan sama ke ɗaukar leda a kwata, ya yi ta tafiya har ya iso inda hanya ta yi masa kaɗan, ya cushe. Likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, shi ya fayyace wannan tafiya a tsakiyar ƙarni na 19, ya laƙaba mata suna daga kalmar Girkanci mai nufin abin toshewa. Galibi a babbar jijiyar da ke shayar da gefen ƙwaƙwalwa gudan ke tsayawa, kuma da yake ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da ɓarin dama na jiki, shi ne kuma mazaunin magana a wurin yawancin mutane, sai hannun daman Gwaggo da harshenta suka tafi tare.

Yawancin irin wannan guda daga zuciya yake fitowa. A ɗakin sama na hagu na zuciya akwai wani ɗan aljihu. Muddin ɗakin na matsawa yadda ya kamata, jini na shiga aljihun yana fita. Idan ya daina bugawa ya koma karkarwa, jini sai ya kwanta a ciki kamar kunun da aka manta a gindin ƙwarya, ya yi kauri, ya daskare. Wannan karkarwa kaɗai tana ninka haɗarin shanyewar jiki kusan sau 5. A ƙasashen Turai tsufa da hawan jini ne suka fi kawo ta. A nan muna da ƙari. Ciwon maƙogwaron da yaro ya yi ba a ba shi fenisilin ba na iya komawa ya ci ƙyauren da ke tsakanin ɗakunan zuciya, ya tsuke shi, abin bai bayyana ba sai bayan shekara 20 ko 40, kuma abin da hoton zuciya ya nuna ke nan a jikin Gwaggo. Akwai kuma raunin zuciyar da ke kama mata a jego, wanda likitoci Davidson da Parry suka yi rubutu a kan yawansa a Zariya tun shekarun 1970, Farfesa Kamilu Karaye kuma ya daɗe yana bincikensa a Kano. Zuciyar da ta saki ba ta iya turo jini duka, saura ya daskare a ciki. Shi ya sa a ɗakin da aka kwantar da Gwaggo na ga yarinya da ba ta wuce shekara 22 ba, jaririnta a hannun kakarsa, ita kuma hannu ya shanye. Gudan kan taso kuma daga dattin kitse a jijiyar wuya, ko daga ƙyauren da ƙwayar cuta ta kama, ko bayan bugun zuciya mai tsanani.

Kafin a kawo injin awon zuciya, yatsun Sista sun riga sun faɗi labarin. Injin awon jini na batir ya ba da lamba, ƙananan ma'aikata suka rubuta suka wuce. Ita kuwa sai ta kama wuyan hannun Gwaggo da yatsu uku, ta sa abin sauraro a ƙirji, ta tsaya minti guda cur tana kallon agogonta. Ta kira ni ta ce, "Malam, kawo hannunka." Na ji bugun yana gudu, ya tsaya, ya yi biyu a jere, ya ɓace, kamar makaɗin da ya manta kiɗan da yake yi. Ta ce abin da take ji a ƙirji ya fi abin da ke isowa hannu yawa, wato wasu bugun ba su da ƙarfin kai jini ko'ina. Ta rubuta da jan biro, ta aika a kira likita. Wannan minti ɗaya shi ya sa aka nemi asalin ciwon a zuciya, shi kuma ya yanke irin maganin da Gwaggo za ta sha har ƙarshen rayuwarta.

Tambayar Sista ta farko ma ta ba ni mamaki. Mu muna ta ba da labarin faɗuwa da wanda ya fara gani da wanda ya yi salati, ita abin da take so ɗaya ne: yaushe aka yi mata ganin ƙarshe tana lafiya lau? Muka ce bayan la'asar. Ta ce, an idar da sallah a masallacin unguwa ko ana kira? An taso daga Islamiyya ko da saura? Da haka ta mayar da lokacin sallah zuwa ƙarfe kaza da minti kaza. Dalilin wannan bin diddigi shi ne akwai allurar da ke narkar da guda, alteplase, wadda Amurka ta amince da ita a 1996, kuma tun 2008 aka tabbatar tana da amfani har zuwa awa 4 da rabi daga farawar ciwo. Bayan haka galibi haɗarin ta fasa jini a ƙwaƙwalwa ya fi amfaninta. Daga 2015 kuma aka tabbatar da amfanin zura siririyar waya ta jijiyar matsematsi har ƙwaƙwalwa a janyo gudan, aikin da ga wasu zaɓaɓɓun majinyata ake iya yi har cikin awa 24. Wani likitan Amurka, Jeffrey Saver, ya lissafa a 2006 cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti.

Mu kuwa sai washegari da hantsi muka kai ta, bayan tofi da hayaƙi da ƙarin ruwan da wani mai kemis ya zo ya ɗaura mata a gida. Ko da mun zo da wuri ma, allurar da wayar ba a ko'ina ake samun su ba, kuma kuɗinsu ba na kowa ba ne. Aka yi hoton ƙwaƙwalwa aka ga babu zubar jini, likita ya rubuta asfirin. Iyakar abin da magani zai yi a ranar ke nan. Sauran duk ya koma hannun masu jinya.

Da wani ya ce mini a lokacin jinya magani ce, da na ɗauka lallashi ne. Ashe an auna. A 2011 mujallar Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da Farfesa Sandy Middleton, wadda ita kanta ma'aikaciyar jinya ce, ta jagoranta a ɗakunan masu shanyewar jiki 19 a jihar New South Wales ta Ostareliya. Ba su kawo sabon magani ko sabon inji ba. Abu uku suka ce masu jinya su riƙe da tsari: zazzaɓi, suga, da haɗiya. Bayan kwana 90, a ɗakunan da aka bar su yadda suke, 58 cikin 100 sun mutu ko sun kasa rayuwa sai da taimako. A ɗakunan da aka bi tsarin, 42 ne. Magunguna masu tsada da yawa ba su kai wannan tazara ba.

Zazzaɓi da suga ba su da wuyar fahimta. A kewayen wurin da ya mutu a ƙwaƙwalwa akwai yankin da bai mutu ba, bai kuma warke ba, yana rayuwa da ɗan jinin da ke zagayowa ta lunguna. Zafin jiki da yawan suga suna ƙarasa shi. Don haka duk awa 4 ma'aunin zafi na hammatar Gwaggo, da ya haura 37.5 a ba da farasitamol kuma a nemi dalili, ko ƙirji ne, ko fitsari, ko cizon sauro. Ana huda yatsa a duba suga, idan ya yi sama a yi allurar insulin, idan ya faɗi a ɗaga shi da sauri, don ƙarancin suga kan kwaikwayi shanyewar jiki har ya ruɗi wanda bai sani ba.

Haɗiya ce ta fi ɗaukar hankalina, wataƙila don a kanta muka yi rigima. Kusan rabin masu wannan ciwo suna rasa iya haɗiya a kwanakin farko. A maƙoshi hanya biyu ce, ta abinci da ta iska, kuma duk haɗiyar da mutum ya yi akwai tsokoki masu yawa da ke rufe ɗaya su buɗe ɗaya cikin ƙasa da daƙiƙa. Idan umarnin ƙwaƙwalwa ya rikice, ruwa ya bi hanyar iska. Mai lafiya sai ya ƙware, ya yi tari, ya fitar. Abin tsoron shi ne wasu majinyatan ko tarin ba sa yi. Ruwa ya gangara huhu shiru, dangi suna murna ya sha, bayan kwana biyu zazzaɓi da sarƙewar numfashi su tashi. Da yawa daga waɗanda ake cewa shanyewar jiki ta kashe su, ciwon huhu ne ya ƙarasa su, kuma hannun da ya fi son su ne ya miƙa kofin.

Na ga yadda Sista ke gwajin. Ba ta farawa sai majinyaci ya farka sosai. Ta ɗaga gadon Gwaggo ta zaunar da ita tsaye, ta goge mata baki tas, ta duba ko tana iya haɗiye yawunta, ta ce ta yi tari. Sannan ta ɗebo ruwa a ƙaramin cokalin shayi. Yatsunta biyu na kan maƙogwaro tana jiran ta ji ya hau ya sauka, idonta na kan gefen baki ko ruwa zai dalalo. Bayan haɗiya ta ce, "Mama, ce aaa." A nan kunne ke aiki. Muryar ta fito a jiƙe, tana gurgura kamar ana kurkure baki. Mu ba mu ji komai ba. Ita ta ajiye cokali, ba ta yi na biyu ba. Aka sa robar abinci ta hanci, kuma kafin a zuba ko da ruwa sai ta zuƙo ɗan abin da ke ciki ta ɗiga a takardar gwaji ta tabbatar robar a tumbi take. Ta koya wa Yaya ɗaga kan gado lokacin ciyarwa da barinsa a ɗage bayan an gama, da wanke bakin da ba ya cin komai sau da yawa a yini, don yawun baki mai datti ma idan ya gangara huhu cuta ne.

Wani sashe na gwanintar, riƙe hannu ne. Awon jinin Gwaggo ya kai 190 bisa 100, hankalinmu ya tashi, wani ɗan'uwa har ya kawo shawarar ƙwayar nan da ake sawa a ƙarƙashin harshe ta sauke jini nan take. Sista ta girgiza kai. Ta ce wannan ƙarfin ne ke tura jini ta lungunan da suka rage, idan aka karya shi lokaci guda yankin da ke tsakanin rai da mutuwa zai tafi. A yini ɗaya ko biyun farko, ga wanda ba a yi wa allurar narkarwa ba, likitoci kan ƙyale shi sai ya haura 220 bisa 120, sannan a sauke shi a hankali. Haka ta hana mu saurin tayar da ita tsaye. Wani babban gwaji mai suna AVERT, da ya haɗa majinyata sama da 2,000, ya nuna a 2015 cewa yawan tayar da su da ƙarfi cikin awa 24 na farko ya fi cutarwa. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, shi ne daidai: zama a bakin gado, a koma, a sake.

Daren kwana na uku ne ba zan manta ba. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana kumbura, kumburin kuma ya fi tsanani daga kwana na 2 zuwa na 5, ga shi ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Irin wannan ciwo na guda yana da wata ɗabi'a kuma: gudan kan farfashe da kansa, jini ya dawo da ƙarfi cikin jijiyoyin da suka riga suka yi laushi, su yi yoyo. Duk biyun da barci suke fara nuna kansu. Sista ta yi ta zuwa tana tashin Gwaggo, ta kira sunanta, ta ce ta matse mata yatsa, ta haska ƙwayar ido da ɗan tocila ta ga ko duka biyun suna tsukewa daidai. Yaya ta ce, "Sista, don Allah a bar ta ta huta." Ta ce, "Hajiya, barci biyu ne, ina so in san wanne take yi." Kafin ta tafi takan yaye zane ta taɓa ƙafafu biyu, ta gwada ɗuminsu, ta nemi bugun jini a bayan sawu. Na tambaye ta me ya haɗa ƙafa da ciwon kai. Ta ce zuciyar da ta yi jifa ɗaya ba ta rantse ba za ta sake ba, kuma na biyun yana iya sauka a ƙafa ko a hanji.

Sai aikin ƙarfi, wanda ba ya ƙarewa. Juyi duk awa 2, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya ɓullo a ƙugu da diddige. Shimfiɗa a bushe, babu ko ƙwayar shinkafa a kai. Matashi a ƙarƙashin hannun da ya shanye, wani tsakanin gwiwoyi. Ranar da ta ga ƙanena ya kama Gwaggo ta hannun dama zai ja ta zaune, ranar kaɗai na ji muryarta ta hau. Kafaɗar da tsoka ta saki ba abin da ke riƙe da ita sai fata da jijiya, ja ɗaya ya isa ya gurɗa ta, ciwon kuma ya hana gashin ƙashi na watanni. Ta nuna mana a sa hannu a bayan allon kafaɗa, a ɗago da jiki gaba ɗaya.

Game da magana, doka biyu ta kafa mana. Kada a yi wa Gwaggo ihu, don ba kurma ba ce. Kada kuma a yi zancenta a kanta kamar ba ta nan, don tana gane fiye da yadda muke zato. Tambaya gajeriya, ɗaya-ɗaya, a jira amsa ko da ta ido ce. Wata asuba muka ji tsohuwar da ta kasa kiran sunan 'yarta tana karanta Fatiha daga farko har ƙarshe ba gargada. Muka ruɗe da kuka. Sista ta yi hamdala tare da mu, sannan ta ce ta sha ganin haka, abin da harshe ya haddace tun yarinta yakan tsira ko da sauran magana ta tafi, kuma da shi za a fara janyo sauran. Daga ranar, ƙirga da gaisuwa da sunayen ranakun mako suka zama darasin safe.

Maganin hana jini daskarewa bai zo da wuri ba, da gangan. Idan aka fara shi wurin da ya mutu bai kame ba, zai iya zubar da jini, don haka akan jira daga 'yan kwanaki zuwa mako biyu gwargwadon girman ɓarnar. Akwai sababbin magunguna da ba sa buƙatar yawan gwaji, amma ga mai tsukakken ƙyaure irin na Gwaggo, gwajin INVICTUS na 2022 ya nuna tsohon nan, warfarin, shi ya fi kare rai. Magani ne da aka fara sayarwa a matsayin gubar ɓera a 1948 kafin a amince da shi ga mutane a 1954, kuma har yau tazarar da ke tsakanin amfaninsa da cutarsa siririya ce. Ana auna ta da gwajin jini na INR, ana so lambar ta zauna tsakanin 2 da 3. Sista ta zaunar da Yaya kusan awa guda. Ba ta hana miyar ganye ba, ta dai ce kada a yi mako ana kwaɗon zogale da alayyahu kullum sannan a yi wata ba a taɓa ba, don ganye yana rage ƙarfin maganin, sauyin ne ke rikita lissafi. Ban da maganin ciwon jiki na kemis in ba farasitamol ba, ban da jiƙe-jiƙe, ban da ƙaho da tsaga. Idan dasashi ya yi ta jini ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, a taho ko tsakar dare ne. Ta sa Yaya ta maimaita komai da bakinta, inda ta yi kuskure ta gyara mata, ta sake sa ta maimaita.

Duk wannan lokaci cokalin shayi yana nan, kowace safiya. A kwana na 9 muryar ta fito a bushe, aka fara da kunun gyaɗa mai kauri, rabin cokali, haɓa a sunkuye, a duba kunci kada saura ya maƙale a ɓangaren da ba ya ji. Daga nan fate, daga nan tuwo mai laushi da miyar kuka. Aka cire robar hanci. Ruwa ne ya zo ƙarshe, domin shi ya fi komai gudu a maƙoshi, shi ya fi wuyar kamawa.

Ana jibi za a sallame mu, Sista ta yi gwajin cokali uku, ta ba da kurɓi daga kofi, ta saurara, ta sake saurarawa. Sannan ta juya ta ce, "Hajiya, ina zamzam ɗin nan?" Yaya ta lalubo jarkar daga ƙarƙashin gado hannunta na rawa. Gwaggo ta karɓi kofin silbar da hannun hagu, ta yi bisimilla a fili, ta sha kurɓi uku. Sista ba ta tsaya jin godiyarmu ba. A gado na huɗu an kawo wata tsohuwa da daddare, kuma ɗanta ya fara kwance murfin filas ɗin shayi.